Tiberiy Silvashi da zanen launi zalla a Yukren: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Tiberiy Silvashi?

Mai zane ne ɗan ƙasar Yukren da aka sani da zane marar siffa, an haife shi a 1947 a garin Mukachevo da ke yankin Zakarpatiya, can ƙuryar yamma, inda ƙasar ta yi iyaka da Hangari da Sulobakiya da Romaniya. Sunansa na gida irin na mutanen Hangari ne, shi ya sa za a ga wasu suna rubuta shi Szilvashi. Yankin da ya fito ya sha canza hannu: ya zauna a ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, ya koma Cekosulobakiya bayan yaƙin duniya na ɗaya, Hangari ta sake karɓe shi, sai a 1945 ya shiga Tarayyar Sobiyet. Masu zanen wannan yanki, irin su Adalbert Erdeli da Yosyp Bokshay, sun yi karatu a Budafes kuma sun san abin da ake yi a yammacin Turai, sun kuma shahara da ƙarfin launi. A cikin wannan iska Silvashi ya buɗe ido. Ya tafi Kyiv karatu, ya kammala Kwalejin Zane ta birnin a 1976, kuma a can yake zaune yana aiki.

Me ake nufi da zane marar siffa? Ba ado ba ne kawai, irin na bango ko na wuyan riga?

Zane ne wanda ba ya kwaikwayon mutum, ko dabba, ko gida, ko itace. Abin da ke kan ƙyallen shi ne launi, da kaurin fenti, da sawun buroshi, da yadda haske ke faɗa musu. Idon Bahaushe bai baƙunci abin da ba shi da siffar mai rai ba, tunda ga dagi a bangon soro, ga aska takwas a gaban riga, ga zayyana a allo. Amma akwai bambanci. Ado yana da tsari mai maimaituwa, kuma yana ƙawata wani abu ne, riga ko gini. Zanen Silvashi ba ya ƙawata komai, ba ya kuma maimaita tsari. Galibi fili ne guda na launi ɗaya, ko launuka biyu da suka yi kusa da juna, sai ka daɗe a gabansa kafin ka fara ganin abin da ke ƙarƙashi. Ko suna ba ya wahalar da kansa wajen raɗa musu: da yawansu «Zhyvopys» kawai yake kiransu, wato zanen fenti. A asalin kalmar, ma'anarta ta yi kusa da «rubutu mai rai».

In haka ne, me ya sa aka daɗe ba a jin labarin irin wannan zane daga Yukren?

An danne shi ne, ba wai babu ba. Kazimir Malevich, wanda ya yi shahararren zanen nan na baƙin murabba'i a 1915, haifaffen Kyiv ne, kuma ya koyar a kwalejin da Silvashi ya yi karatu, wajen ƙarshen shekarun 1920. Oleksandra Ekster da Oleksandr Bohomazov a Kyiv suka yi aiki, Vasyl Yermilov a Kharkiv. A 1932 gwamnatin Stalin ta rushe duk ƙungiyoyin masu fasaha, ta haɗa su a inuwa guda da take juyawa. Daga nan salo ɗaya aka yarda da shi: a zana ma'aikata, da manoma, da shugabanni, yadda kowa zai gane a kallo ɗaya. Duk wanda ya damu da launi ko fasali fiye da saƙon jam'iyya, sai a liƙa masa laifi. An harbe mai zane Mykhailo Boichuk a 1937. A gidan adana zane na Kyiv aka ware ɗaruruwan ayyuka aka kulle a wani asusu na musamman, ba mai gani.

Bayan mutuwar Stalin a 1953 kisan ya lafa, amma ƙofar nuni ba ta buɗe ba. Ƙungiyar Masu Zane ce ke raba ɗakin aiki, da kwangila, da fenti mai kyau, da izinin baje koli. Saboda haka mutane irin su Karlo Zvirynsky a Lviv da Hryhoriy Havrylenko a Kyiv suka riƙa yin zane marar siffa a gida, suna nuna wa amintattu kaɗai, suna cin abinci da zanen littattafai ko koyarwa.

Silvashi ma da zanen mutane ya fara?

Ƙwarai. Horon kwalejin Sobiyet mai tsauri ne: shekaru ana zana jikin ɗan Adam, ana koyon inuwa da nisa da haɗa launi. Wajen ƙarshen shekarun 1970 Silvashi ya fito da wata kalma don bayyana aikinsa, «kuronoriyalizim», daga kalmar Girkanci mai nufin lokaci. Zane-zanen wannan zamani suna da mutane da wurare da ake ganewa, amma abin da yake farauta shi ne yadda lokaci ke tsayawa ko ke jan ƙafa a cikin hoto. Muna ganin nan ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Da ya bar siffa, bai bar batun lokaci ba. Ya ɗauke shi daga labarin da hoton ke bayarwa, ya mai da shi cikin fentin kansa: kwanakin da kowane shafin fenti ya yi yana bushewa, da mintocin da mai kallo zai yi a tsaye.

Me ya faru a Sedniv, da ake yawan ambatonsa tare da shi?

Sedniv ƙaramin gari ne a jihar Chernihiv, a bakin kogin Snov, inda Ƙungiyar Masu Zane ke da gidan hutu da aiki. A zamanin sassaucin Gorbachev, Silvashi ya zama jagoran sashen matasa na ƙungiyar a Yukren. Ya yi amfani da wannan kujera ya tara matasa daga Kyiv, da Odesa, da Kharkiv, da Lviv, da sauran garuruwa a Sedniv a 1988, ya sake a 1989. An ba su wurin kwana, da abinci, da ƙyalle, da fenti, na makonni da dama, ba tare da an ce ga abin da za su zana ba. A tsarin da komai sai da umurni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Oleh Holosiy, da Oleksandr Hnylytsky, da Oleksandr Roitburd, da Pavlo Makov duk sun bi ta nan, kuma yawancinsu ba su san juna ba kafin lokacin.

Abin da ya kamata a lura da shi: akasarin waɗannan matasa ba hanyarsa suka bi ba. Sun tafi ga manyan hotuna masu siffa, cike da tatsuniya da habaici, abin da aka sani da Sabon Yayi na Yukren. Ya buɗe ƙofa ga mutanen da ba salonsa za su ɗauka ba, kuma shekarun da ya ba wannan hidima sun ci lokacin zanensa sosai.

Ƙungiyar da ya kafa fa?

A 1992, shekara ɗaya bayan samun 'yancin kan Yukren, ya haɗu da Anatoliy Kryvolap, da Oleksandr Zhyvotkov, da Mykola Kryvenko, da Marko Geiko, suka kafa «Zhyvopysnyi Zapovidnyk». Kalma ta biyu tana nufin gandun dajin da aka keɓe, irin Yankari, inda ake kare abin da ake tsoron ya ƙare. Abin da suke karewa shi ne zanen fenti da kansa, a lokacin da matasa ke ruguwa zuwa bidiyo da hoton kyamara da kayan jerawa a ɗaki, ana cewa zamanin buroshi ya wuce. Ƙungiyar ta yi 'yan shekaru tana nuni tare, zuwa tsakiyar shekarun 1990, sannan kowa ya kama gabansa. Kryvolap ya koma ga filayen karkara da dawakai cikin launi mai ƙuna. Zhyvotkov ya shiga aiki da katako da kwali. Silvashi ya ci gaba da rage komai, har ya isa ga launi ɗaya.

Ƙyalle guda, launi guda. To me mutum zai kalla?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta a ƙafa da ido take. A fara tsayawa nesa, kamar ninki biyu ko uku na faɗin zanen, a bar ido ya zauna na minti biyu ko uku ba tare da neman ma'ana ba. Ido yana sabawa da launi sannu a hankali, kamar yadda yake sabawa da duhun ɗaki in an shigo daga rana. Jan da ya zama kamar bai ɗaya da farko zai fara rabuwa, wani wuri ya yi ɗumi, wani ya karkata zuwa ruwan goro. Daga nan a matso zuwa taku ɗaya, a kalli fuskar fentin daga gefe, yadda haske zai kwanta a kai. A nan ake ganin inda buroshi ya bi, inda aka kankare, inda aka sake shafawa. Sai a duba bakin ƙyallen. A gefe ne shafukan ƙasa ke leƙowa, kuma sau da yawa za a tarar baƙin da ake kallo yana zaune ne a kan shuɗi ko ja.

Wanda ya taɓa tsayawa a karofi ya san wannan. Marini ba ya samun baƙin shuɗin nan da tsomawa ɗaya. Yana tsoma zane a baba, ya fitar ya sha iska, ya sake tsomawa, sau da yawa, kuma idon da ya saba yana bambance turmin da aka yi wa haƙuri da wanda aka yi wa gaggawa, ko da duka shuɗi ne. Zurfin launin fenti ma haka yake samuwa.

Yaya ake gina irin wannan zane da fentin mai?

Kowane mai zane da sirrin hannunsa, amma ƙa'idojin kayan aikin ɗaya ne ga kowa. Ana fara da firam na busasshen katako mai 'yan tsinke a kusurwa, waɗanda ake bugawa a ƙara ɗaure ƙyalle in ya saki. In tsawon gefe ya wuce mita 1, sai an sa sandar tsakiya, in ba haka ba firam ɗin zai murɗe. Yadin lilin ya fi na auduga, domin bai cika miƙewa da janyewa ba. Ana ja daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, gefe da kishiyarsa, har ya yi ƙara kamar ganga in an ƙwanƙwasa.

Mai yana cin zare, saboda haka dole a raba su. A tsohuwar hanya ana jiƙa gam ɗin fata, giram 70 zuwa 80 a lita 1 ta ruwa, ya kwana, a ɗumama shi a cikin wani kwano da ke zaune a ruwan zafi. Kada ya tafasa, tafasa na kashe ƙarfinsa. A shafa siriri sau biyu. A kansa ake shimfiɗa farar ƙasa, shafi biyu ko uku, ana gogewa da takardar yashi mai laushi a tsakani. Da yawa yanzu suna amfani da farar ƙasa ta akirilik, wadda ke bushewa cikin sa'o'i. Fentin mai yana zama a kan akirilik, amma akirilik ba ya zama a kan mai, ɓarewa yake yi.

Sai launi. Dokar da ba a karyawa ita ce mai ya riƙa ƙaruwa daga ƙasa zuwa sama. Shafin farko a sirka shi da tafentin, wato ruwan tsinka fenti, ya yi ruwa-ruwa, na gaba a rage sirki a ƙara ɗan man lilin, haka har sama. Dalili shi ne fentin mai ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, iska yake sha ya daskare, kuma mai yawan mai ya fi jinkiri, ya fi kuma motsi. Launuka ma ba gudunsu ɗaya ba. Ruwan ƙasa mai duhu kan taɓu cikin kwana ɗaya ko biyu. Jan kadmiyam, da farin titaniyam, da baƙin ƙashi sukan kai kwana biyar zuwa mako ɗaya ko fiye. Mai shafi goma sha biyar, in ya ba kowanne hakkinsa, ya san watanni zai yi a kan ƙyalle ɗaya, shi ya sa ake aiki a kan da yawa a lokaci guda.

Akwai hanya biyu ta samun zurfi. Ɗaya ita ce shafa launi mai shara-shara a kan mai haske, haske ya ratsa ya dawo ta cikinsa. Ɗayar ita ce jan busasshen fenti mai haske a kan mai duhu, ya bar ƙananan ramuka da na ƙasa ke leƙowa. Ana kuma kankarewa da wuƙar fenti ko a goge da tsumma a dawo da abin da aka binne. Man sheƙi na ƙarshe, in za a sa, sai bayan wata shida zuwa shekara. Masu launi ɗaya da yawa ba sa sawa sam, domin yana mai da fuskar zanen madubi.

Me ya fi lalacewa, kuma me ke jawo shi?

Tsagewa ce ta farko. Tana zuwa in an ɗora shafi mai saurin bushewa a kan wanda bai gama ba: na sama ya ƙame, na ƙasa ya ci gaba da motsi, sai ya yage shi. Farin zinki yana da nasa laifin, yana yin gautsi bayan shekaru har ya ɓamɓare, don haka ba a son shi a shafukan ƙasa. Yamutsewa kuwa daga yawan mai a shafi mai kauri take, fata ta kama a sama alhali ciki danye ne. Akwai kuma dusashewa wuri-wuri, inda farar ƙasa ta tsotse man fentin, wani gefe ya yi sheƙi wani ya mutu. Ana gyara ta da shafa mai ɗan kaɗan a goge rarar nan take. Man lilin yana yin rawaya in zanen ya daɗe a duhu, abin da ke ɓata fari da shuɗi mai haske, amma yakan washe in an fito da shi ɗaki mai hasken rana na wasu makonni.

A zane mai mutane da itatuwa, ƙaramin tabo yana ɓuya. A fili mai launi ɗaya babu maɓoya. Sawun yatsa guda yana iya zama abin da ido zai fara gani har abada, kuma masu gyaran zane sun san cike gurbi a irin wannan fili ya fi kowane wuya.

Ai ko yaro zai iya shafa launi ɗaya a ƙyalle.

Zai iya shafawa. Abin da zai samu shi ne bangon da aka yi wa fenti: launi a kwance, ba ciki. A ajiye shi kusa da wanda aka gina shafi bisa shafi, a ɗaki ɗaya da haske ɗaya, bambancin ba ya bukatar mai bayani.

Me ya sa hotunan aikinsa a intanet ba sa burgewa?

Gilashin waya haske yake fitarwa daga launuka uku kacal, fenti kuwa haske yake karɓa ya mayar, kuma yana canzawa da safiya da yamma da inda mutum ya tsaya. Kyamara tana daidaita launi da kanta, tana kuma share ƙananan bambance-bambancen da su ne zanen. Girma ma yana ɓacewa, ƙyallen da ya fi mutum tsawo ya koma tafin hannu. Silvashi yana ɗaukar ɗakin nuni a matsayin ɓangaren aikin, da tazarar da ke tsakanin zane da zane, da inda taga take. In hoto kaɗai ake da shi, a nemi wanda aka ɗauka daga gefe da wanda ya nuna ɗakin gaba ɗaya.

Ƙasarsa ta karrama shi? Ana sayen irin wannan aiki?

A 2022 ya sami Kyautar Shevchenko, mafi girman lambar yabo ta fasaha a Yukren, saboda wani aiki na cika ɗaki mai suna «Kryla», wato fukafukai. A kasuwa kuwa abokinsa Kryvolap ne ya fi yin amo: a 2013 an sayar da wani zanensa na doki a gwanjon Phillips a Landan a kan kusan dala 186,000, abin da ya zama labari a ƙasar. Zanen doki yana da abin da mai saye zai nuna wa baƙo. Launi ɗaya yana bukatar mai saye mai haƙuri, kuma irinsu ba su da yawa a ko'ina.

Yaƙin da Rasha ta faɗaɗa a 2022 ya shafi wannan fage?

Ya shafe shi ta kowace fuska. A watan Fabrairun 2022 gidan tarihi na Ivankiv, mai ɗauke da ayyukan mai zane Mariya Prymachenko, ya ƙone. An rusa gidan zane na Kuindzhi a Mariupol. Kafin sojojin Rasha su janye daga Kherson a watan Nuwamba, an kwashe dubban ayyuka daga gidan zanen birnin. Manyan gidajen adana zane sun sauke kayansu daga bango sun ɓoye. A watan Nuwamban nan ne aka fitar da ayyukan Bohomazov da Yermilov da tsararrakinsu da manyan motoci zuwa Madrid, aka nuna su a gidan Thyssen-Bornemisza, kuma wannan ya taimaka wajen gyara tsohuwar al'adar kiran su duka «'yan Rasha».

Ga mai aiki a Kyiv, matsalar ta yau da kullum ce. Ɗauke wuta na hana ganin launi daidai, musamman a hunturu da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu. Ɗakin da ba ɗumi yana jinkirta bushewar mai, sanyi mai tsanani kuma yana sa tsohon fenti gautsi. Girgizar fashewa tana fasa taga, gilashi ya yanki ƙyalle. An kuma yi ta muhawara a tsakanin masu zane ko ya dace a yi zanen da ba ya nuna yaƙi alhali ana kashe mutane. Mu dai muna ganin wanda aka taɓa tilasta wa kakanninsa a sana'a su zana saƙo kaɗai yana da hujjar riƙe launinsa.

In mutum ya mallaki irin wannan zane, yaya zai ɗauko shi ya kuma adana shi?

A fara da takarda: shaidar mai zanen ko zauren da ya sayar, da suna, da shekara, da girma, da hoton bayan ƙyallen inda aka saba sa hannu. Yukren tana sa ido a kan fitar da tsofaffin kayan fasaha, don haka takardar da ke nuna cewa aikin na zamanin nan ne tana sauƙaƙa wucewa a kwastan. Jiragen fasinja ba sa tashi daga ƙasar tun Fabrairun 2022, kaya ta mota suke fita, galibi ta Folan.

Akwatin katako ya fi, da abin da zai riƙe zanen ta gefuna yadda komai ba zai taɓa fuskarsa ba. Ledar nan mai ƙurajen iska kada ta kwanta a kan fenti, tana barin sawunta. In dole sai an naɗe, a cire daga firam a naɗa a kan bututu mai faɗin santimita 20 ko fiye, fenti yana kallon waje. In aka naɗa shi ciki, matsewa yake yi ya tsage. Mai kaurin fenti kuwa ba a naɗe shi ko kaɗan.

Gidajen adana zane suna riƙe zafi wajen digiri 18 zuwa 22, danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Kano ko Damagaram, inda hunturu ke busar da iska ƙwarai sannan damina ta jiƙa ta, wannan hawa da sauka shi ne babban haɗari, domin ƙyalle da katako da gam kowanne da yadda yake motsi. A rataye shi a bangon ciki, nesa da taga, da kicin, da bakin na'urar sanyaya ɗaki, a liƙa kwali mai kauri a bayan firam don ya tare ƙura ya kuma rage saurin canjin. Ƙurar da ta hau fuska a share ta da busasshen buroshi mai laushi sosai, daga sama zuwa ƙasa, ba ruwa, ba tsumma. A riƙa duba katakon saboda gara sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.